Wanda ya taɓa riƙe motar Faransa ya zo ya faɗi abin da ya gani

Baban Ilham, Kano:

Salamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ina zubin adashi a ofis don in huta da hawan Adaidaita, ga shi Allah ya sa na kwasa. Ranar Asabar wani dillali ya kai ni na ga wata 'yar Faransa ƙirar shekarar 2008, otomatik, fes da ita, kujerun fata, esi kamar ka shiga firji, kuɗinta kuma da kaɗan ya haura rabin na Corolla sa'arta. Na dawo gida baki har kunne. Amma duk wanda na gaya wa sai ya riƙe haɓa. Abokin aikina ya ce in fara ajiye lambar mai janwe a waya kafin in biya. Surukina kuwa cewa ya yi shigarta daɗi, fitarta sai an yi da gaske.

Abin da ya ɗaure min kai, ni a Fijo 504 na tashi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shekara 19 ya yi da tasa, da ita aka kai yayyena mata uku ɗakunan mazajensu. To yaushe motar Faransa ta zama abin gudu? Ba "an ce" nake nema ba. Wanda ya hau, ko ya gyara, ko ya sayar, ya faɗi abin da idonsa ya gani. Roƙona ɗaya, mai ƙorafi kada ya kama suna, na kamfani ko na gareji, kada mu mayar da zauren nan kotu.

Baba Direba:

Wa alaikumus salam. Jikana ne yake rubuta min, ni da baki nake faɗa. Yaro, na ja 504 doguwa a layin Kano zuwa Maiduguri tun 1983 har furfura ta cim mini. Kusan kilomita 600, in tafi yau in juyo gobe, fasinja bakwai, kaya a but sai an ɗaure da igiya. Kayan gyarana gaba ɗaya a wata tsohuwar jakar fata suke: sufana huɗu, filaya, sukundireba, fanbel ɗaya, fulogi biyu. In ta fara shaƙewa wajen Potiskum na san ƙura ce ta shiga kafireta. In kwance, in wanke da fetur, in busa da baki, kafin fasinja su idar da la'asar mun tashi. Cikinta a sama yake, ƙafar baya ke tura ta, ramin da zai karya wata motar ita sai dai ta yi lilo ta wuce.

Daga baya tasha ta cika da Golf da Sharon, mu ma muka bi sahu. Ƙanena ya sayo wata 'yar Faransa ta zamani ya kawo min in sa albarka. Na ɗaga bonet na ga baƙar roba ta rufe komai, ban ga inda zan zura hannu ba. Na rufe masa abarsa na yi addu'a. Ni dai tun ranar da mota ta fara rubuta wa direba wasiƙa a gaban sitiyari aka raba ni da ita.

Maman Sadik, Zariya:

Baba, wasiƙar nan ni na sha karanta ta. Ma'aikaciyar jinya ce ni, shekara uku na yi da tawa. Tsakani da Allah ban taɓa hawa mota mai laushinta ba, kuma ba ta shan mai. Amma wata safiya na taso daga aikin dare, ina hawa gadar Kwangila, sai na ji gum a ƙarƙashina kamar an buge ni ta baya. Na duba madubi, babu kowa. Rubutu ya fito wai giya ta samu matsala, mota ta maƙale a giya ta uku, ina taka totur tana nishi kamar mai naƙuda. Na gangara gefe na kashe na kunna, sai ta saki kamar ba ita ba. Bayan kwana biyu ta sake.

Bakanike na farko ya ce giyabos ya tafi, a sa na Balgiyam. Albashin wata biyu ya tafi a nan. Sati uku, gum ɗin ya dawo. Na biyu ya juye man giyar ya zuba wani ja da ya ce shi kowa yake sawa, abin ya ƙara ta'azzara. Sai na uku, wani yaro da ko gemu bai fara ba, ya jona mata kwamfuta ya ce wasu 'yan bawul biyu ne na lantarki a cikin giyar, tun farko su ne, na Balgiyam ɗin ma da irin ciwon ya zo. Wato a banza aka sauke giyabos ɗina. Ya canza su, ya zuba man da ya dace, ta yi lafiya. Sai dai ta riga ta fita daga raina. Wata biyar tana ƙofar gida da galan a kanta kafin a samu wanda ya taya.

Usta mai wayarin, Panteka:

Sannu Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Bari in fara da laifinmu mu masu gyara, don shekara 22 ke nan ina wannan sana'a, kuma ni ma na ɓata motocin mutane kafin in gane bakin zaren.

Fijo da Citroën na daga wajejen 2000 zuwa sama suna da wani akwati da ake ce wa BSI, Renault ma tana da irin nata. Shi ne sarkin gida. Fitila, waifa, gilas, makulli, hon, duk sai sun bi ta wurinsa, kuma saƙo ne yake yawo a cikin wayoyin, ba wuta kawai ba. Mu kuwa da kwan gwaji da reza aka koya mana aiki: ka fere waya, ka ɗosana, in kwai ya kama ka haɗa ka naɗe da tef. A tsohuwar mota wannan ya wadatar. A wannan kuwa ka fere waya ɗaya don sa rediyo, gobe mai mota ya dawo wai waifa tana tashi da kanta cikin rani. Ko cire batir da ƙa'idarsa, ka kashe mota ka jira kamar minti uku akwatin ya yi barci, sannan ka taɓa. Wa yake jira? Ga masu wankin mota da ke sa wa injin tiyo mai ƙarfi har cikin akwatin fis.

Sai maganar zafi, wadda ita ta fi kashe su. Da mota ta sauka daga Kwatano, abin da ake fara yi shi ne a cire tamostat a jefar wai na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka dairek, a cika lagireto da ruwan rijiya. Ruwan nan ya bar tsatsa da gishiri, hanyoyin lagireto su toshe, fankar da ke gudu ba hutu ta ƙone da rana tsaka a gosulo, allura ta hau, gaskit ya tafi. Injin Japan ma haka ake yi masa, sai dai shi yana da haƙuri, zai daɗe yana haɗiyewa. Na Faransa ba ya rufa wa bakanike asiri.

Amma ba zan wanke masu ƙera su tas ba. Giyar otomatik mai hawa huɗu da ake kira AL4, wadda Peugeot da Citroën da Renault suka yi tarayya a kanta, ko a Turai an san bawul ɗinta ba su da ƙwari, kuma ba ta son zafi da tsaya-tafi. Roba ta yi yawa a hanyar ruwa, zafi ya gasa ta ta tsage. Wani ɗan abin kuma sai ka kwance rabin gaban mota kafin hannunka ya kai gare shi, kuɗin aiki ya fi na kayan. In dole sai 'yar Faransa, Baban Ilham, ka nemi mai giyar hannu, kuma ka tabbata akwai mai kwamfutarta, Lexia ko Diagbox, a garin da kake. Na'urar gama-gari rabin zancen take ji.

Alhaji Dillali:

Usta ya yi ta ƙarfe, ni bari in yi ta kasuwa. Toyota kuɗi ce a ajiye, ka kawo da safe kafin la'asar an taya. 'Yar Faransa sai mai sonta ya zo, shi kuma ya san babu wani a bayansa, don haka yadda ya ga dama zai yanka. Sunanta ya ɓaci sai ta yi araha. Da ta yi araha sai wanda kuɗinsa bai kai ba ya saya, ya ƙarar da komai wurin biya, babu na juye a kan lokaci, babu na kaya na asali. Ta lalace a hannunsa, ya fito yana zage-zage, farashi ya ƙara faɗuwa, wani irinsa ya sake ɗauka. Ni kuwa na san wata 406 a hannun wani tsohon ma'aikacin banki, littafin sabis ɗinta cike, sau uku ina yi masa tayi yana hana ni.

Malam, in kai mai canza mota ne duk shekara biyu, kada ka soma. In aurenta za ka yi, to wannan wata magana ce.

Ɗan Damagaram:

Ina gaida mutanen Najeriya. Mu nan Nijar da motar Faransa muka buɗe ido, tun bashe 404 da ke cin kasuwannin ƙauye, buhunan hatsi a ƙasa, mutane da awaki a bisa. Amma yau je ka Agadas ka duba abin da ke shiga Tenere, Hilux ne da Land Cruiser. Wanda zai kwana biyu cikin rairayi ba ya son motar da sai an kira mata kwamfuta.

Tawa motar Faransa ce mai gazuwal, wato dizal, daga Kwatano na ɗauko ta. In je Maraɗi in komo Damagaram tanki bai sauka zuwa rabi ba. Wata rana na matsu a hanya na sayi gazuwal na bido, wato na jarka, a bakin titi, ashe da ruwa da datti ciki. Injektoci huɗu suka tafi lokaci guda. Mekanisiyan ya ce irin wannan injin matsin da yake fesa mai da shi ya wuce bar 1000 a ma'aunin matsi, ko ƙwayar ƙura ba ya yafewa. Sai da na aika Kano, Ƙofar Ruwa, aka samo, kwana 11 mota na garaji. Laifin mai bido ne da nawa, amma a unguwa abin da kowa ya ce shi ne motar Faransa ta sake mutuwa.

Tsohon ma'aikacin Kakuri:

Ni na yi aiki a masana'antar Fijo ta Kakuri a Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, shekarar da 504 ta ci tseren Safari na Kenya. A farkon lamari ta jirgin sama ake kawo kayan haɗi daga Liyon zuwa Kano, a ɗoro su zuwa Kaduna. Abin da nake so yara su gane, motar da muka haɗa don ƙasar nan aka shirya ta, da zafinta da ramukanta. Ita gwamnati take hawa tun daga sama har ƙasa, don haka duk babban gari akwai dila, akwai kaya na asali, akwai makanikai da suka samu horo. Da aka kawo tsarin ba ma'aikata kuɗi a madadin motar ofis a 2003, babban mai saye ya ja baya. A 2006 gwamnati ta sayar da hannun jarinta. Ana cikin haka Balgiyam ta cika ƙasa. Wadda ake kawo muku yanzu don titin Turai da sanyin Turai aka ƙera ta, ta yi shekara goma sha a can, mai ita ya gaji. A 2022 an fara haɗa sababbi a masana'antar Dangote da ke hanyar Abuja, amma sabuwar mota a yau ai ba ta malamin makaranta ba ce.

Ɗalibi a Liyon:

Baba, ranka ya daɗe, daga garin da kuke karɓar kaya nake rubutu. Nan Clio da 208 da C3 ne cike da titi, babu mai yi musu kallon abin tsoro. Da mota ta cika shekara huɗu, dole a riƙa kai ta binciken lafiya duk shekara biyu, wadda gyaranta ya fi kuɗinta kuma sau da yawa ita ce ke kama hanyar tashar jirgin ruwa. Su ma suna da nasu kukan. Injin PureTech 1.2 yana da bel da ke gudu a cikin baƙin mai, yana marmashewa ya toshe hanyar man, har aka kira motoci da yawa a dawo da su gyara, Stellantis, uwar kamfanin Peugeot da Citroën, kuma ta tsawaita garantin zuwa shekara 10.

Ga wanda ya ba ni dariya. Toyota Yaris da yawa a arewacin Faransa ake ƙera su, kusa da Valenciennes, tun 2001. Peugeot 107 da Citroën C1 da Toyota Aygo kuwa daga masana'anta ɗaya suka fito a ƙasar Cek. Na gaya wa kawuna da ke rantsuwa da Toyota, ya ce in ba zan daina yi wa manya ƙarya ba in tattaro in dawo gida.

Baban Ilham, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya na kai ta wurin mai kwamfuta kamar yadda Usta ya ce, dillali na biye da ni yana cika yana batsewa. Babu tamostat, fanka dairek, ruwan lagireto jawur kamar shayin da ba madara. Kwamfuta ta fito da laifi tara. Aka goge, muka zaga har Hotoro muka dawo, uku suka sake fitowa, ɗaya na giya ne. Nan take dillali ya rage wani abu mai kauri ban ko roƙa ba, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan. Ya ce akwai wata mai giyar hannu da za ta sauka wata mai kamawa. Uwargida kuma ta ce ita da otomatik ta koyi tuƙi, kada in jawo mata abin da zai riƙa mutuwa a danja. Ban biya ba tukuna, kuɗin na banki.

Baba Direba:

Yaro, kafin ka biya a tambayar min Usta abu ɗaya. Ita wannan otomatik ɗin, in batir ya mutu maka da dare a Kwanar Dangora, in an tara matasa an tura ta, tana tashi?

Usta mai wayarin, Panteka:

Ba ta tashi, Baba. Sai dai a tsayar da wata motar a ja wuta, shi ma a yi a hankali saboda akwatin nan.