Wace kujera zan kama wa Hajiya? Kamfani ɗaya, jirage kala-kala

Ɗan Kwari: Salamu alaikum. Mako mai zuwa zan raka Hajiyarmu Abuja daga Kano ganin likita, ciwon gwiwa ke damunta. Kamfanin da na yanki tikiti yana da ƙananan jirage da manya. Waɗanda suka saba, ina ya fi dacewa ta zauna?

Dogo: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Kafin ka kalli lambar kujera, fara duba wane irin jirgi ne. Ni na sha mamaki bara. Na kama mana wuri ni da mai ɗakina a taswirar kujerun Boeing 737, mai uku hagu uku dama, ita taga ni tsakiya. Ranar tafiya ashe an sauya jirgi, ba zan kama sunan kamfanin ba, sai ga Embraer 145 mai ɗaukar mutum 50. Shi kujera ɗaya ce tal a hagu, biyu a dama. Ita can ita kaɗai, ni nan kusa da wani bawan Allah mai minshari. Ga rufin ƙasa-ƙasa, sai da na sunkuya har na zauna, hulata ma ta faɗi. Wurin ajiye jaka a sama kuma ɓangaren dama kawai yake, ƙarami, shi ya sa ake karɓe 'yar akwatin hannu tun a gindin matakala.

Maman 'Yan Biyu: Ai ni wannan kujerar ta hagu ita nake so, babu mai matse ka, ga taga ga hanya. Sai ranar da na shiga da goyo, ma'aikaciyar ta ce in koma dama, wai a can ne ake da ƙarin abin shaƙar iska na jariri. Ta kuma hana ni layin ƙofar gaggawa, ta ce ba a ba mai goyo ko mara lafiya. To Hajiya ma ba za su bar ta nan ba, ko da ya fi faɗin miƙe ƙafa.

Injiniya: Ƙarin bayani kaɗan. In ATR 72 ne, mai farfela, biyu-biyu ne, kusan mutum 70, kuma ta ƙofar baya ake shiga saboda kaya suna gaba, bayan matuƙa. Wanda ya yi rububin layin farko shi zai fi kowa tafiya, shi ne kuma ƙarshen fita. Baya ya fi shiru, ƙarar tana daidai farfela. A Embraer 145 da CRJ900 kuwa injinan suna wutsiya, gaba ce mai shiru. Embraer E195-E2 da Air Peace ta fara karɓa a 2021 kujeru 124 ne, babu ta tsakiya ko ɗaya. Airbus A220 irin na Ibom Air biyu ne hagu, uku dama.

Baba Alhaji: Yaro, duk jirgin da ya zo, kama mata ta gefen hanya kusa da ƙofar shiga, kai ka zauna taga. Ka kuma nemi keken guragu tun wajen awon kaya, kada ka ji kunya. Ni an taɓa tashina daga layi na 3 aka mayar da ni baya, wai a daidaita nauyin jirgi don ba mu cika ba. Na ce su faɗa min gaskiya, tumbina ne?

Ɗan Kwari: Baba ka ba ni dariya. Na duba yanzu, Embraer 145 aka rubuta. Na kama biyun dama a gaba.

Dogo: Ka sake dubawa daren tafiya dai.