Masu lupus da ciwon gaɓoɓi, ku zo mu yi maganar gajiyar nan

Maman 'yan biyu:
Salam 'yan uwa. Shekara 4 ke nan da aka ce min lupus ne (ciwon da garkuwar jiki ke juyowa tana yaƙar jikin mutum), ciwon gaɓoɓin ya lafa da magani alhamdulillah amma gajiyar nan ta ƙi sakina. Zan kwanta tun bayan isha'i in tashi da asuba kamar wadda ta kwana tana daka, jiya ina tsefe wa 'yata kai sai da na sauke hannu sau uku na huta, yarinya tana ta juyowa tana kallona. A gida har an fara cewa son jiki ne. Dan Allah wanda ya gano abin da ke jawo tasa ya faɗa mana.

Malama daga Zariya:
Sannu 'yar uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ni tawa ashe ƙarancin jini ne, kafin a gane kuwa na sha allurar maleriya da ta taifot a kemis har na gaji, da aka auna PCV ɗina (awon yawan jini) 26 kawai. Likitar ta ce abu biyu ne suka haɗu, jinin al'ada mai yawa ya ƙarar min da sinadarin ayon, sannan shi kansa kumburin da ke cikin jiki yana sa jiki ya kulle ayon ɗin ya hana shi isa inda ake haɗa jini, shi ya sa wata za ta yi ta shan maganin ƙarin jini ba ta ga canji ba sai an kwantar da ciwon. Ki ce a duba miki ferritin, wato gwajin ajiyar ayon a jiki, kar a tsaya a PCV kawai.

Tela a Kano:
Hajiya ni nawa rheumatoid ne, ciwon kumburin gaɓoɓi da garkuwar jiki ke jawowa. Maganin methotrexate nake sha sau ɗaya a sati, washegarin ranar ko keken ɗinki ba na iya takawa, da na faɗa wa likita ya ce in mayar da shi daren Alhamis tunda Juma'a ba na wuni a shago, kuma in daina wasa da folik asid, bitamin ɗin da ke rage illarsa. Prednisolone kuma, maganin kumburi, da dare nake sha a da, ido biyu har ƙarfe 3, aka mayar min safe bayan karin kumallo. Amma dan Allah kar wanda ya yanke prednisolone lokaci ɗaya, ni na yi, kwana biyu jiri da kasala suka kwantar da ni, ashe in ka daɗe kana sha jiki yakan rage yin nasa irin sinadarin, sai an janye a hankali.

Hajiya Babba:
'Yata a duba miki tayirod, wato halittar nan ta gaban wuya, sunan gwajin TSH. Ni a zafin Afrilu nake neman bargo, gashi na zuba, ga ƙiba ba dalili, ashe tayirod ne. Cututtukan garkuwar jiki sukan zo tare.

Ɗaliba a Maraɗi:
Anti ni fa duk an auna, jini, tayirod, ƙoda, bitamin D ne kawai ya yi ƙasa saboda gudun rana da muke yi, an gyara kuma gajiyar tana nan. Likita ya ce sinadaran da garkuwar jiki ke saki su ne dai masu sa mutum jin jiki ya mutu lokacin zazzaɓi, mu namu ba sa tsayawa. Rana in ta dake ni awa ɗaya a hanyar makaranta sai in yi kwana biyu a kwance. Ga damuwa, na yi watanni ina kuka ni kaɗai ban san tana ƙara min ba. Yanzu ina ɗan tattaki minti 10 bayan magariba, wanki kuma na raba shi kwana uku. Ranar da na tafi da mamata asibiti ta ji da kunnenta, daga ranar ba ta sake ce min raguwa ba.

Maman 'yan biyu:
Na gode wlh, har na ji sanyi a raina. Ni ma da dare nake shan prednisolone ɗin, ban taɓa kawo shi a raina ba. Na rubuta ferritin da TSH a bayan katina, ranar Talata nake da ganin likita, kuma zan roƙi baban yara ya raka ni.