Me ya sa Amurkawa suka nace wa bindigar AR-15?

Ɗan Wunti: Jama'a, ƙanina da ke karatu a Texas ya ce duk filin koyon harbin da ya leƙa, AR-15 ce a hannun mutane. Mu a Bauchi bindigar toka muka sani wurin mafarauta. Mene ne sirrinta?

Baban Hafsa, Gombe: Rashin nauyi ne, ɗan'uwa. Eugene Stoner ya zana ta a kamfanin ArmaLite, jikinta alminiyam da roba, kamfanin Colt ya sayi zanen a 1959. Harsashinta mai kaurin milimita 5.56 ƙarami ne, ba ta dukan kafaɗa sosai, ko sabon shiga zai iya saita ta.

Malam Na Yelwa: Ni kuwa na ce kayan gyara ne. Tamkar Boxer ce a hannun ɗan acaɓa, ko'ina akwai kayanta. Kamfanoni barjat ke ƙera ta, ka sauya bututu, ka ɗaura madubin hange yadda kake so. Dokar Amurka ta 1994 da ta taƙaita irinta ta ƙare a 2004, kasuwa ta buɗe.

Maman Sadiq: To, amma fa da irinta aka kashe yara a makarantar garin Uvalde da ke Texas a 2022. Nan gida kuma doka ta haramta wa farar hula riƙe ta.