Jijiyar gwiwa ta tsinke: yaushe kuka koma fili?

Ɗan wasan tsakiya, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum, yayyena da ƙannena. Yau mako biyar ke nan da na ji rauni a wasan unguwa, kuma babu wanda ya taɓa ni. Na dasa ƙafar dama zan juya da ƙwallo, jikina ya juya amma ƙafar ta tsaya inda take, sai na ji ƙas a cikin gwiwa, kafin isha'i kuwa ta kumbura har wando ya ƙi wucewa. An yi radiyo, wato hoton ƙashi, aka ce ƙashi lafiya lau, amma likitan ya kwantar da ni, ya riƙe cinyata ya jawo ƙwaurina gaba, ya ce yana zargin jijiyar gicciye ta gaba, ya rubuta mini hoton IRM, wanda ke nuna jijiyoyin cikin gaɓa. Yanzu kumburi ya saɓe, ina tafiya ba ɗingishi, abokai kuma sun matsa in dawo saboda gasar hutu. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mini abin da ya gani.

Tsohon mai tsaron baya, unguwar Ali Ɗan Sofo:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, inda kake tsaye yau nan na tsaya shekara shida da suka wuce, kuma na saurari abokai. Ka sani radiyo ƙashi kawai take nunawa, saboda haka "lafiya lau" ɗin nan bai shafi jijiya ba. Aikin wannan jijiya shi ne ta hana ƙwauri zamewa gaba daga ƙarƙashin cinya, ta kuma riƙe gwiwa lokacin juyi, shi ya sa wanda tasa ta tsinke zai iya zuwa babbar kasuwa a ƙafa ya dawo bai ji komai ba. Ni wata biyu na yi na koma, a wasa na uku gwiwar ta balle a ƙarƙashina kamar an zare mini kujera, wannan karon har da yagewar guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan biyu, wanda a raunin farko babu abin da ya same shi.

Sai da na sayar da babur ɗina aka yi mini aiki a Yamai. Ba ɗinke tsohuwar jijiyar ake yi ba, wata ake yankowa daga bayan cinyarka ko daga ƙasan ƙoƙon gwiwa a dasa a gurbinta. Aikin bai ba ni wuya kamar abin da ya biyo baya ba. Abu na farko da kine, wato mai gashin ƙashi na asibiti, ya nema shi ne ƙafar ta miƙe sarai: in ɗora dunduniya a kan matashi, in bar gwiwar tana reto a iska, ina kallon agogo ina zufa. Bayan wata ɗaya matata ta ɗauko tef ɗin ɗinkinta ta auna cinyoyina, mai ciwon ta gaza ɗayar da santimita huɗu. Da tsohon tib na keke da na ɗaure a ƙafar gado na dawo da naman nan, safe da yamma. Na fara sassarfa a wata na huɗu, ban shiga wasa na sosai ba sai a wata na goma sha ɗaya. Idan suka ce ka cika tsoro, ka tuna musu da Virgil van Dijk, wanda ya ji irin wannan rauni a wasa da Everton cikin Oktoba 2020, bai sake buga gasar Firimiya ba sai Agusta 2021, alhali likitocin Liverpool ne a kansa dare da rana.

Ɗan kokawa, Madarunfa:
Yaya, ban musa maka ba, amma kada a sa yaro ya ɗauka kowace gwiwa sai wuƙa. Ni abokin karawa ne ya faɗo mini a gefen ƙafa muna shirin zaɓen ƴan kokawar jiha, gwiwar ta lanƙwashe ciki. Maɗori ya ce targaɗe ne, ya ja, ya shafa magani, har aka so a yi mini ƙaho, kumburin dai yana nan. Da na je asibiti aka ce jijiyar gefe ce ta ciki, wadda galibi kan haɗe da kanta, aka sa mini takalmin gwiwa mai ƙarfe na mako shida. Gasar takobin kokawa ta shekarar ta wuce ni, amma bayan wata uku na sake ɗaura laya na shiga fili. Maɗoran nan sun san ƙashi, ban raina su ba, sai dai hannu ba ya ganin abin da ke can cikin gaɓa. Ka je ka yi hoton tukuna ka san wacce ce taka.

Malama mai koyar da wasanni, Bagalam:
Ɗana, tawa ta tsinke ne ina saukowa daga tsalle a ƙwallon hannu, kuma likita ya shaida mini cewa mata sun fi maza yawan samun wannan rauni. Akwai abin da mazan nan ba su faɗa maka ba: wata uku na yi ina salla a kan kujera, kuma ko da na fara sujada, zaman tahiya ya ƙi sai da na riƙa miƙe ƙafar gefe. Tsuguno a bayi ma sai da aka kafa mini kujera mai huda. Kafin kine ta sallame ni, ta sa na yi tsalle da ƙafa ɗaya ta auna nisan, ta ce sai mai ciwon ta kai kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar, kuma ko ta kai, ba a son komawa wasan juyi kafin wata tara. Sau biyu ina faɗuwa wannan gwaji, duk da cewa a raina na daɗe da warkewa. Ranar da na ci kuwa, na tsaya a bakin fili ƙafar ta ƙi amsa mini don fargaba, har sai da na yi makonni ina jifa da ɗalibaina ƙanana.

Direba, tashar Katsina:
Ni ba a yi mini aiki ba, domin shekaruna sun haura arba'in kuma ƙwallon Lahadi kawai nake bugawa. Likita ya ce idan zan haƙura da wasan juyi, ƙarfin cinya zai iya riƙe ni. Na koma keke da tafiya cikin yashin gulbi da rani. Sau ɗaya ta goce mini, ina dirowa daga saman mota da lodi.

Ɗan wasan tsakiya, unguwar Zariya:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Ɗazu na gwada tsayawa da ƙafar ita kaɗai na ɗan durƙusa, sai ta yi ta rawa har na dafa bango. Na faɗa wa kocinmu ya cire sunana daga gasar, Litinin kuma zan kai takardar IRM. Yaya na Ali Ɗan Sofo, motsa ƙafar nan da tib, kafin aiki ka fara shi ko sai bayan an yi?