Daren da ihun ba naka ba ne

Dogon Wuya:
Assalamu alaikum, 'yan uwa 'yan barkwanci, masu neman halak da baki. Akwai daren da ba mu cika ba da labarinsa ba: ka hau dandamali ka tarar gangar jikin mutane ce kawai a gabanka, hankalinsu yana wani wuri. Ko kuma kai ne hankalinka ya yi gaba ya bar ka da makirufo a hannu. Tunda ni na tayar da zancen, bari in fara tona wa kaina asiri.

Laraba, 8 ga Maris 2017. An kira ni wasa a wani ɗan zaure da ba zai wuce mutum ɗari da hamsin ba. Mai shirya taron ya san a daren ne Barcelona za ta karɓi PSG, amma ya ce ai magana ta ƙare tun a Paris, inda PSG ta narka wa Barcelona 4 da nema, wanda aka yi wa haka ba ya dawowa. Ni ma na yarda. Na hau, ana dariya daidai gwargwado, sai dai kowane layi akwai fuska biyu ko uku da hasken waya ke haskawa daga ƙasa. Da Cavani na PSG ya zura tasa aka koma 3 da 1, wayoyi suka koma aljihu, na samu kusan minti ashirin na sakewa.

Ina da wani dogon labari a kan surukata da nake rufe wasa da shi. Ina cikin gina shi na ji guna-guni daga baya, na ce madalla, sun hango inda na dosa. Ashe Neymar ne ya ci wa Barcelona. Can na sake jin wani motsi, na ƙara ƙaimi. Na ja numfashi, na saki maganar ƙarshe. Jama'a, zauren ya tashi! Kujeru suka kife, wani ƙato ya rungume wanda bai taɓa gani ba, wani yana gudu tsakanin layuka da riga a hannu. Shekara tara ina wannan sana'a ban taɓa ganin irinsa ba. Har na dafa ƙirji na sunkuya, idona ya ciko. Sai mai kula da sauti ya leƙo ta gefen labule ya ce, "Oga, Sergi Roberto ne." Wato shi ya zura ƙwallon da ta fitar da PSG.

Har yau ina ba da labarin surukar, ana dariya mai kyau. Amma duk lokacin da na kai ƙarshe sai na ɗan dakata ina jiran wancan ihun.

Uwar Gayya:
Yaya Dogo, Allah ya ba ka haƙuri, amma na yi dariya har ɗankwalina ya zame. Kai ai an zalunce ka ne. Ni da hannuna na yi wa kaina.

Wasan ƙarshe na Kofin Duniya, 18 ga Disamba 2022. Masu taron sun yi dabara: su kafa babban allo a kalli wasa tare, ana tashi in hau. Ni kuwa masu sanina sun san yadda nake da Messi. Ajantina na cin Faransa 2 da nema, saura minti goma sha wani abu, aka ce Hajiya ki shirya, aka maƙala mini makirufo a wuyan riga. Ina tsaye bayan allo kan dogon takalmi, ina kallon wasan a juye, sai Mbappe ya zura biyu cikin ƙasa da minti biyu. Ban san sa'ad da na fara kururuwa ba. Ƙarin lokaci, 3 da 3, bugun fanareti, duk ina nan a tsaye ina kiran sunan mai tsaron gida kamar ɗan cikina. Da aka gama na hau, na buɗe baki in yi sallama, abin da ya fito kamar ƙofar da ta shekara ba a sa mata mai ba. Rabin zauren na rawa, rabi sun haɗa kai da gwiwa, ni kuma ba murya. Minti bakwai na yi cikin talatin ɗin da aka biya ni. Daga baya aka gaya mini makirufon a kunne yake tun farko, duk abin da na faɗa wa alkalin wasa ya shiga kunnen masu sauti.

Autan Fage:
Anti, naku ai da sauƙi, mutanen sun san da zuwanku. Ku tambayi wanda aka taɓa turawa ya buɗe wa mawaƙi fage.

Fili ne a buɗe, dubban mutane, ba wanda ya sayi tikiti domina. An ce in yi minti goma sha biyar. Mawaƙin kuwa ko otal bai baro ba. Na gama goma sha biyar ɗina na juya, na ga manajansa yana jan hannuwa kamar mai jan roba, wato ƙara. Na ƙara. Na juya, ya sake ja.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne a fili dariya ba ta dawowa. A zaure tana bugun bango da rufi ta dawo maka, ka san inda kake. A fili sama take tafiya. Sannan lasifikokin da ke fuskantar dandamali an saita su ne don makaɗa, muryata ba ta ciki, sai dai in ji ta dawo daga can ƙarshen fili a makare. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, to wanda ke tsaye mita ɗari daga gare ka, kafin maganarka ta isa gare shi martaninsa ya dawo, kai ka riga ka shiga magana ta gaba. Haka na dinga take dariyar da na sha wahalar samu. A minti na arba'in suka fara rera sunan mawaƙin. Gorar ruwa ta farko ta wuce ta gefen kunnena, ta biyu ta same ni a gwiwa. Da na ga ba sarki sai Allah, na ajiye barkwanci na shiga rera sunan tare da su, ina raba su gida biyu, dama su kira, hagu su amsa. Wannan ne kaɗai abin da ya ci a daren.

Tsohon Hannu:
Yaro, ka yi daidai. Taron da ya fi ƙarfinka ba a ja da shi. Ni kuma akasin naka na gani a Edinbara, can Birtaniya. Bikin wasannin dandamali da ake yi can kowane Agusta, tun 1947 ake yinsa, kuma tsarinsa kowa ya zo da wasansa ya nemi ɗaki. Da rana kana titi cikin yayyafi kana miƙa wa mutane takardar talla, da dare ka yi awa guda, kullum, sama da mako uku. Wata Talata na fito na tarar da mutum uku. Ɗaya ya shigo fakewa ruwan sama, ɗaya ya yi barci kafin minti goma, ta ukun ba ta jin yaren sosai amma tana da ladabi, duk sa'ad da na yi shiru sai ta yi tafi. Na yi awata cif.

Mai Gemun Aro:
Baba, gara kai ka san mutum nawa ne a gabanka. Ni akwai daren da ban iya ƙirgawa ba.

Irin aikin Auta ne, buɗe wa makaɗa fage, a wata ƙasa da na sauka da safe bayan jirgin dare. Ban ci komai ba. Na shiga ɗakin da makaɗan ke shiri na ga faranti da 'yan yankan kek. Na ɗauki ɗaya, ba wanda ya ce uffan. Bayan rabin awa yunwa na nan, na ƙara. Mai ganga ya ɗago ya kalle ni ya ce, "Na biyu ke nan?" Na ce eh. Ya ce, "Ƙarfe nawa za ka hau?" Daga yadda ya yi tambayar na san akwai magana.

Wiwi ce a ciki. Ni ko sigari ban taɓa sa wa bakina ba. Sun yi mini bayani cewa wadda aka ci ba kamar wadda aka busa ba ce, sai ta bi ta ciki, takan ɗauki awa ɗaya har biyu kafin ta kama mutum, kuma ta daɗe ba ta sake shi ba. Ta kama ni ina tsakiyar magana ta uku. Na ji harshena ya yi kauri, bakina ya bushe ƙamas, zuciyata na dukan uku-uku. Na kalli wata jar fitila a sama na ce bari in ɗan huta daƙiƙa biyu. A bidiyon da aka nuna mini washegari, kusan minti guda na yi ina kallonta. Sannan na sake ba da labarin da na gama bayarwa, kalma da kalma. Suka ɗauka salo ne, suka fi dariya a karo na biyu. Ni kuwa a raina addu'a nake kada in mutu a ƙasar mutane da kek a ciki. Tun daga ranar, abin da ban ga an buɗe a gabana ba, ba na ci a bayan fage.

Shiru Ma Magana:
Na yi ta rubutawa ina gogewa. Nawa ba na dariya ba ne, ku yi haƙuri.

Ni ba kuskure na yi ba, da sanina na fara. Ina da tsoron dandamali, hannuna har rawa yake. Wani abokin sana'a ya ba ni taramol ya ce tana kashe fargaba. Ta kashe kuwa, wata biyu na farko. Daga ɗaya na koma biyu, daga ranar wasa na koma kullum. Aka kira ni wasa Dubai, ana gobe tafiya wani ya ce in yi hattara, can taramol da kodin ba a shiga da su sai da takardar likita da izini, in ba haka ba mutum na iya kwana a hannu. Na zubar da su a bayan gida na filin jirgi ina ganin ai kwana uku ne.

Daren wasa, kwana ɗaya da rabi ban sha ba. Hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, gumi mai sanyi, ƙafafuna sun ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ina magana ina jin kamar wani ne ke yi daga ɗaki na gaba. Mutane sun yi dariya, an ce wasa ya yi kyau, ban tuna ko ɗaya ba. Da na dawo na koma mata, har ranar da na faɗi a banɗakin otal jikina na karkarwa kamar mai farfaɗiya. Likitan da ya duba ni ya ce yawan shanta na jawo haka, kuma ba a yanke ta dare ɗaya, a hankali ake ragewa a hannun likita. Shekara huɗu ke nan rabona da ita. Hannuna ya koma rawa kafin in hau, na bar shi ya yi abinsa.

Uwar Gayya:
Ƙanena, Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare gaba. Ka kyauta da ka faɗa. Nawa hannun ma rawa yake, shi ya sa kullum kuke ganina da mafici.

Tsohon Hannu:
Amin. Shekarata talatin a kai, har gobe sai na zaga bayi sau biyu kafin a kira sunana.

Na Bayan Labule:
Ni ba ɗan barkwanci ba ne, mai sauti ne, amma ba zan iya yin shiru ba. Oga Dogo, ni ne na leƙo na ce maka Sergi Roberto ne. Akwai sauran zance da na riƙe shekara da shekaru. Da Neymar ya ci ta minti na 88, na jona wayata a na'ura don in ji sharhin wasan a kunnena, garin sauri na sauke layinka. Daga nan har ƙarshe bakinka kawai ake gani yana motsi. Ƙarshen labarin surukar nan, ko na layin gaba bai ji shi ba. A yafe ni.

Dogon Wuya:
Kai! Kuma ka tsaya ka karɓi na goro a hannuna a daren?