Me za mu kira barin aikin da hukuma ke tallata wa ma'aikatanta?

'Yan'uwa, a zamanmu na masu fassara a Agege ranar Asabar, mun daɗe muna ja-in-ja kan abin da Turawa ke kira voluntary separation, wato tsarin da hukumar gwamnati ke bi idan kuɗi ya yi mata ƙaranci ko tana son rage ma'aikata, ta ce duk wanda ya yarda ya tafi tun kafin lokacinsa za a ba shi wani kaso na kuɗi.

Maganar ba baƙuwa ba ce. A Disambar 2024 ma'aikata kusan 1,000 suka bar Babban Bankin Najeriya ta wannan hanya, kuma bankin ya ce ba wanda aka tilasta wa. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta yi wa ma'aikatan tarayya makamancin haka, da alkawarin biyansu albashi har ƙarshen Satumba.

Wani dattijo a cikinmu ya kawo "ritaya", amma ritaya tana da wa'adinta, shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. "Murabus" kuma ta fi dacewa da sarki ko mai babban muƙami. Wanda ya fi samun goyon baya shi ne "ajiye aiki bisa raɗin kai", kuma nan ne na ƙi amincewa, domin magidancin da ke biyan kuɗin haya a Legas, yana jin raɗe-raɗin kora na tafe, ba ra'ayinsa kaɗai ke sa shi ya sa hannu ba, sannan lafazin ya ɓoye cewa hukuma ce ta fara buɗe baki.

Shawarata ita ce "tayin ajiye aiki". Wanda ya taɓa tsayawa gaban buhun albasa a kasuwar Mile 12 ya san ma'anar tayi: mai saye ya taya, mai kaya ya duba, ya ce albarka ko ya ce na sallama. Haka ma'aikaci yake da damar cewa albarka ya koma teburinsa. Abin da aka ba shi idan ya karɓa kuwa yana da suna tun da can, kuɗin sallama.

Malamai na Idi-Araba da Obalende, ku gwada shi a jimla: "Hukumar ta yi wa ma'aikata tayin ajiye aiki, wasu sun karɓa." Idan ya yi muku nauyi a baki, ku kawo gyara kafin zaman Asabar mai zuwa.