Waɗanda suka saurari Funeral for Justice na Mdou Moctar, ya kuka ji shi?

Ɗan Tawa

Salamu alaikum 'yan'uwa. Kundin Funeral for Justice na Mdou Moctar, Buzu makaɗin jita ɗan Nijar, da ƙungiyarsa ya fito ranar 3 ga Mayun 2024, waƙoƙi tara, kuma kamfanin Matador ne ya fitar da shi, kamar Afrique Victime na 2021. Masu sharhin kiɗa na Amurka da Turai sun sha yabonsa, amma ba nasu nake nema ba. Ina son jin bakin waɗanda suka san mutumin nan tun yana kaɗa jita a bukukuwan aure na Agadas. A ina kuka fara jin kundin, kuma ya ya zauna muku? Ni a rumfar mai tura waƙa a waya na fara cin karo da shi, kuma wallahi sai da ya buɗe baki ya rera na gane shi ne.

Baba Direba

Wa alaikumus salam ɗana. Ni Mdou ɗin da na sani shi ne na kundinsa na farko, Anar, wanda aka ɗauka a Sakkwato a 2008, da muryar nan ta na'ura irin ta waƙoƙin fim ɗin Hausa na wancan zamani. A mimori na samu, daga wayar wani zuwa wayata, ko sunan mai waƙar ban sani ba a lokacin. Na sha hanyar Tawa zuwa Agadas da shi. Wannan sabon kuwa yaron motata ne ya saka mana, ba mu yi nisa ba wata dattijuwa daga baya ta ce don Allah direba a rage, kanta zai tsage. Ban ga laifinta ba. Ganga na gudu, jita na kuka, ba inda mutum zai sa numfashi. Abu ɗaya zan ba shi: in dare ya yi fasinja sun yi barci, shi nake kunnawa, gyangyaɗi ba ya zuwa kusa.

Mai Haɗa Sauti

Baba, a yi mini afuwa, amma zan ɗan ja da kai. Sana'ata ke nan, ina ɗaura lasifika a wuraren biki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin biki a Agadas bayan la'asar, janareto na ruri, amfilifaya an ƙure ta, samari na tsalle ƙura na tashi, ya san haka kiɗan yake a fili. Anar ne baƙo, shi aka yi a ɗaki da kwamfuta. Wannan kundin ya fi kusa da abin da ake ji a biki fiye da duk wanda ya yi a baya.

A cikin kwana biyar suka ɗauke shi, a wani gida a jihar New York, kuma Mikey Coltun, Ba'amurken da ke kaɗa musu bes, wato jita mai kaurin sauti, shi ya haɗa sautin. Ku saurari gangar Souleymane Ibrahim da kyau: yana farawa a natse, sai ya riƙa ƙara sauri kaɗan kaɗan har ka rasa lokacin da aka koma gudu. Ahmoudou Madassane kuma yana riƙe da jita ta biyu, ba ya motsi daga layinsa, shi ya sa Mdou ke samun filin yin duk haukan da yake so da hannun hagunsa.

Waƙa ta biyu, Imouhar, ita ta kama ni. Tana farawa can ƙasa ƙasa, sautin a dushe. Ina shago ni kaɗai, na ɗauka waya ce ta saki, na miƙa hannu na murɗa sautin har ƙarshe, na sunkuya ina duba bayan akwatin. Kaina na daidai bakin lasifika ƙungiyar gaba ɗaya ta faɗo. Mai shayin da ke ƙofa sai da ya leƙo da ludayi a hannu yana tambaya ko wani abu ya fashe. Da gangan suka yi hakan.

Ta Damagaram

Ni ba na jin Buzanci, don haka da farko kiɗa kawai nake ji. Maƙwabciyata Buzuwa ce, 'yar Abalak, shekarunta da yawa a nan garin. Ina wanki na kunna Imouhar ɗin nan da malam ya ambata, sai ga ta ta shigo ba sallama, ta ce in mayar daga farko. Ta zauna a kan turmi ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce mini kira yake ga mutanensu kada su yar da harshensu, wai an koma ana ƙyamar magana da shi da rubuta shi. Tana cikin bayanin ɗanta ya shigo, ta yi masa magana da Tamashek, wato Buzanci, ya amsa mata da Hausa. Muka kalli juna ni da ita. Dariya na so yi, na ga fuskarta, na haɗiye.

Abin da ya tsaya mini ke nan. Mu kullum kukanmu Faransanci da Turanci na cinye Hausa, ban taɓa kawowa a raina ba cewa a wasu gidajen Hausar ce mai cinyewa.

Ɗalibi a Turai

Yaya Ta Damagaram, naki ya fi nawa nauyi. Ni na gan su ido da ido bayan fitowar kundin, a wani zaure cike maƙil. Baƙar fata a wurin ba mu da yawa. Suka fito da rawunansu da manyan riguna, Ba'amurken ma haka. Da aka zo waƙar Oh France, mai sukar Faransa, Turawa suka yi ta girgiza kai suna ihu, wani kusa da ni har da rufe ido. Na tambaye shi ko ya san abin da ake faɗa, ya ce a'a, amma jitar ta kai. Raina ya kasu biyu. Ga alfahari, ɗan ƙasarmu wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya tsayar da mutane da ƙafafunsu. Ga kuma haushin cewa ana zayyana musu laifin gwamnatocinsu suna rawa. Su abin da suke faɗa kullum shi ne Jimi Hendrix na Sahara, suna kwatanta shi da shahararren makaɗin jitar nan na Amurka. Ba wanda na ji ya ambaci Abdallah Oumbadougou, makaɗin jitar Buzayen Nijar, wanda shi Mdou ɗin da bakinsa yake cewa a wurinsa ya ga jita ya yi sha'awa.

Ɗan Arlit

To ai ɗalibi, ko a gida ma ba kowa ya fahimce shi daidai ba. A majalisarmu an yi musu sosai. Wasu suka ce ya ga iska ta juya ne: an kifar da shugaba Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, sojojin Faransa sun gama ficewa a Disamba, sai ga shi a watan Mayu da waƙar sukar Faransa, wato ya bi yayi. Na ce musu ku ji tsoron Allah. An riga an ɗauki waƙoƙin kafin juyin mulkin, kuma tun a Afrique Victime yake wannan magana, lokacin da faɗinta ba ta jawo tafi. Shi kansa ya bayyana cewa bai goyi bayan juyin mulkin ba, amma bai taɓa son zaman Faransa a ƙasar ba. Juyin ma a Amurka ya same su suna zagayen wasa, aka rufe iyakoki, suka maƙale can har sai da masoya suka yi musu karo-karo.

Ni a nan aka haife ni, mahaifina a ma'adinin yuraniyom ya ƙare ƙarfinsa. Tun farkon shekarun 1970 ake haƙa ana fita da shi ana haska biranen wasu. A daren da na fara jin kundin babu wuta a unguwarmu, a waya na saurara ina lissafin sauran caji. Ba sai an fassara mini fushin da ke cikin jitar ba.

Uwar Biyu

Ni daga Kano nake, kuma gaskiya a nan da wuya ka samu wanda ya san shi. Na saka a mota, ƙanwata ta ce wannan kiɗan Turawa ne, na ce mata a Sakkwato ya fara ɗaukar waƙa, ta ce ƙarya nake. Waƙar Takoba ce tawa a kundin, ta fi sauran sanyi.

Mai Haɗa Sauti

Hajiya kin zaɓa da kyau. Baba Direba, akwai maganin matsalarka. Zaman da suka yi a Amurka bayan juyin mulki bai tafi a banza ba, sun shiga ɗakin ɗaukar sauti a Brooklyn suka sake ɗaukar waƙoƙin da jitar da ba ta lantarki ba. Shi ne Tears of Injustice, ya fito a Fabrairun 2025. Kusan waƙoƙin ɗaya ne, amma a zaune aka yi su. Dattijuwarka ba za ta yi ƙorafi ba.

Baba Direba

To madalla. Me ya sa ba su fara fitar da wannan ɗin ba? Zan sa yaron ya nemo mini kafin lodin Alhamis. Amma ka faɗa masa da kanka ya tura wanda ka ce, don na san shi, mai ƙarar zai sake cusa mini.

Ɗan Tawa

Baba turo lambar yaron ta akwatin saƙo, zan aika masa duka biyun. Waɗanda ke Agadas har yanzu ba mu ji daga gare ku ba: shin makaɗan biki sun fara kaɗa waƙoƙin wannan kundin, ko tsofaffin ake nema?